Farfaɗowar garin Beacon a bakin Kogin Hudson: Wa ya ci riba, wa ya biya?

A kowace Asabar da Lahadi, jiragen ƙasa da ke tasowa daga tashar Grand Central ta birnin New York kan sauke ɗaruruwan masu yawon buɗe ido a wani ɗan ƙaramin gari mai suna Beacon, wanda ke gaɓar gabas ta Kogin Hudson a ƙasar Amurka.

Akasarinsu da hantsi suke isowa. Sukan shiga gidan baje kolin kayan fasaha na Dia, su zaga babban titin garin, su ci abinci, kafin duhu ya yi kuma sun kama hanyar komawa gida.

A farkon shekarun 1990 babu wanda zai kashe kuɗin jirgi domin ya zo kallon Beacon. Masana'antunsa sun rufe, shagunansa an toshe ƙofofinsu da katako, kogin da ya ratsa ta gefensa kuma cike yake da guba.

A yau wannan gari mai mutane kimanin 14,000 ya zama abin buga misali a bakin masu tsara birane, waɗanda ke cewa gidan zane-zane guda ɗaya ya isa ya tayar da mataccen gari. Maganar ba ƙarama ba ce, domin kuwa a kanta gwamnatoci da dama suka dogara suka zuba dukiyar jama'a a irin waɗannan gine-gine.

Abin tambaya a nan shi ne: shin zane-zane ne suka farfaɗo da Beacon? Kuma su wane ne suka amfana da farfaɗowar?

Tafiyar awa ɗaya da rabi

Tsakanin New York da Beacon akwai tazarar kilomita kusan 100, kuma jirgin ƙasa na kamfanin Metro-North yana cinye ta cikin kimanin awa ɗaya da rabi. Kusan duk tsawon tafiyar layin dogon yana manne da bakin kogi, saboda haka waɗanda suka saba da hanyar kan nemi kujera a ɓangaren hagu.

Daga nan ne matafiyi zai ga jirgin ya ratsa ta cikin harabar tsohon gidan yarin Sing Sing, ya hango makarantar horar da hafsoshin soja ta West Point a tsallaken ruwa, sannan ya wuce kufan wani gini mai kama da fadar sarakunan Turai a kan wani ɗan tsibiri, inda wani dillalin tsoffin makamai ya taɓa ajiye hajarsa.

Daga tashar Beacon zuwa gidan Dia tafiyar ƙasa ce ta kimanin minti 10. Ginin na jan bulo ne, kuma a shekarar 1929 kamfanin biskit na Nabisco ya gina shi domin buga tambari a jikin kwalayen da yake zuba kayansa. Faɗinsa ya kai murabba'in mita kusan 28,000.

Da yake aikin ɗab'i na bukatar haske mai kyau, an yi wa rufin masana'antar jerin tagogin gilashi masu fuskantar arewa. Wannan hasken rana shi ne ake kallon yawancin kayan da ke ciki da shi har yau, abin da ya sa aka saba rufe gidan da wuri a lokacin hunturu.

Wanda ya shiga da tsammanin ganin hotunan sarakuna da mayaƙa a jikin bango zai sha mamaki. A wurin da ake loda kaya cikin taragon jirgi a da, akwai manyan faifan ƙarfe masu tsawon mita huɗu da Richard Serra ya lanƙwasa, waɗanda mutum ke shiga cikinsu ya zaga kamar ya shiga rumbu.

A wani zauren akwai ramuka huɗu masu zurfin mita shida da Michael Heizer ya tsara a daɓen ginin. Akwai dogayen fitilun lantarki masu launi-launi na Dan Flavin, da tarkacen motoci da John Chamberlain ya matse ya haɗa, da wani ƙaton gizo-gizo na ƙarfe da Louise Bourgeois ta ƙera.

Yawancin kayan ba su da siffar mutum ko dabba. Layuka ne da da'ira da kusurwoyi da launi, kuma galibinsu na masu fasahar da suka yi tashe ne a shekarun 1960 da 1970.

Asalin gidauniyar

A shekarar 1974 aka kafa gidauniyar Dia a birnin New York. Waɗanda suka kafa ta su ne Heiner Friedrich, wani Bajamushe dillalin kayan fasaha, da Philippa de Menil, wadda ta gaji dukiya daga kamfanin ayyukan rijiyoyin mai na Schlumberger, da kuma Helen Winkler.

Friedrich da de Menil sun yi aure, sun kuma karɓi Musulunci a hannun Shaihu Muzaffer Ozak na ɗariƙar Jerrahi ta birnin Istanbul. A farkon shekarun 1980 gidauniyar ta mayar da wani tsohon ofishin 'yan kwana-kwana a New York ya zama masallacin al-Farah, kuma Dan Flavin ne ya tsara fitilunsa.

Ba a jima ba darajar hannayen jarin Schlumberger ta faɗi, gidauniyar ta shiga matsin kuɗi, aka sauya shugabanninta, aka kuma sayar da wasu kadarorinta. Abin da ya rage mata shi ne tarin manyan kayan fasaha da babu inda za a baje su.

A ƙarshen shekarun 1990 daraktan gidauniyar na lokacin, Michael Govan, ya hango tsohuwar masana'antar Nabisco daga cikin wani ƙaramin jirgin sama. Kamfanin International Paper, wanda ginin ya koma hannunsa, ya ba da shi kyauta a 1999.

Leonard Riggio, shugaban kamfanin sayar da littattafai na Barnes & Noble, ya ba da gudummawar fiye da dala miliyan 30, gwamnatin jihar New York ƙarƙashin Gwamna George Pataki ita ma ta tallafa. A watan Mayun 2003 aka buɗe gidan.

Yadda garin ya durƙushe

Kafin a auna rawar da wannan gida ya taka, wajibi ne a san halin da ya tarar da garin a ciki.

Sunan Beacon na nufin wutar ishara. Ya samo asali ne daga wutar da sojojin George Washington suka tanada a kan dutsen da ke bayan garin, domin sanar da jama'a motsin dakarun Birtaniya a lokacin yaƙin neman 'yancin Amurka. A 1913 aka haɗe ƙauyukan Matteawan da Fishkill Landing suka zama gari guda mai wannan suna.

Arzikin garin a kan masana'antu ya ginu. Wani rafi mai gangara da ƙarfi ya ba injuna ƙarfin juyawa, kogin kuma ya ba da hanyar fitar da kaya. A fagen ɗinkin huluna, garin Danbury na jihar Connecticut ne kawai ake sa wa gaba da shi a duk Amurka. Bulon da aka gasa a bakin ruwansa ya shiga gine-ginen birnin New York.

Daga baya sai abubuwa suka fara sukurkucewa ɗaya bayan ɗaya. Mutane suka rage sa hula. A 1963 aka buɗe gadar da ta haɗa Beacon da garin Newburgh na tsallaken kogi, aka dakatar da jirgin fiton da ya yi fiye da shekaru 200 yana jigila, masu wucewa kuma suka daina bi ta tsakiyar gari.

A shekarun 1960 da 1970, ƙarƙashin wani shirin gwamnatin tarayya na sabunta birane, an rushe gidaje da shaguna masu yawa a unguwar da ke kusa da kogi, inda baƙar fata da dama ke zaune. Manyan kantunan zamani da aka gina a bayan gari suka janye masu sayayya. A 1977 an yi kwanaki ana tarzoma tsakanin matasa farare da baƙaƙe.

Masana'antar kwalaye ta kashe injunanta a 1991. Shekaru biyu bayan haka kamfanin kwamfuta na IBM, wanda shi ne babban mai ɗaukar ma'aikata a yankin, ya sallami dubban mutane. Masu bin tarihin garin na cewa a wancan lokaci kusan kashi 80 cikin 100 na shaguna da masana'antunsa babu kowa a ciki.

Lalacewar ta kai ga masu shirya fim, da suka tashi neman garin da zai fito a matsayin wurin da duniya ta juya wa baya, Beacon suka zaɓa. A nan aka ɗauki wani fim na Paul Newman da ya fito a 1994.

Kogi ya riga zane

Ko shakka babu, buɗe gidan Dia ya sa sunan Beacon a jaridun duniya. To amma ruwa ba ya tsami banza. Akwai ayyukan da aka shafe shekaru 40 ana yi kafin zuwansa, waɗanda in ba don su ba da wuya baƙi su riƙa tururuwa.

Na farko shi ne tsabtace kogin. A shekarun 1960 garuruwa na tura ƙazantar masai kai tsaye cikin Hudson, masana'antu kuma na zubar da fenti da mai da sinadarai. Kamfanin General Electric kaɗai ya saki kimanin tan 600 na wani sinadari mai guba da ake kira PCB tsakanin 1947 da 1977, daga masana'antunsa biyu da ke fiye da kilomita 200 arewa da Beacon.

Wani mazaunin yankin, shahararren mawaƙin gargajiyar Amurka Pete Seeger, wanda ya gina gidansa a gefen dutsen Beacon a 1949, shi ne ya jagoranci gangamin ceto kogin. Shi da abokansa sun ƙera wani jirgin ruwa mai tafiya da iska irin na da, suka sa masa suna Clearwater, wato ruwa garau, suka saka shi a ruwa a 1969.

Da wannan jirgi suka riƙa bin garuruwan bakin kogi suna tara jama'a, suna ɗaukar 'yan makaranta domin su ga halin da ruwan ke ciki. Irin wannan matsin lamba na daga cikin abubuwan da suka share fagen dokar tsabtace ruwa da majalisar dokokin Amurka ta zartar a 1972.

Wata ƙungiyar mai suna Scenic Hudson, wadda aka kafa a 1963, ta ja daga da kamfanin lantarki na Con Edison a kan shirinsa na fasa dutsen Storm King da ke kusa. A 1965 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta amince cewa talakawa na da 'yancin kai ƙara domin kare muhalli, kuma a 1980 kamfanin ya haƙura da shirin.

Wannan ƙungiya ce ta sayi filin bakin ruwan Beacon da a da ake tara tankokin mai da tarkacen ƙarafa, ta mayar da shi wurin shaƙatawa. Wani filin da ya kasance juji shi ma ya zama lambu, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Seeger, da ya rasu a 2014, da na matarsa Toshi.

Aikin dai bai kammala ba. A 2002 hukumar kare muhalli ta Amurka ta umarci a yashe gubar daga ƙasan kogin, kuma General Electric ya yi wannan aiki daga 2009 zuwa 2015 a kan kuɗin da ya ce ya kai dala biliyan 1.7. Duk da haka hukumomin lafiya na jihar sun shafe shekaru bayan haka suna gargaɗin ƙananan yara da mata masu shekarun haihuwa da su guji cin kifin kogin.

Abu na biyu shi ne jirgin ƙasa. Bayan kamfanonin jiragen ƙasa masu zaman kansu sun karye, hukumar sufuri ta jihar New York ta kafa Metro-North a 1983, ta gyara layi da taragai da kuɗin jama'a. Wannan ne ya sa mutumin da ba shi da mota zai iya zuwa Beacon ya koma a yini guda.

Na uku shi ne mutanen garin kansu. Tun a 1986 wata babbar maƙerar zuba tagulla mai suna Tallix ta koma Beacon, kuma a nan aka zuba ƙaton dokin nan da aka ƙera bisa zanen Leonardo da Vinci aka kai birnin Milan a 1999. Masu sayar da kayan da suka fara kama shaguna tun shekarun 1990, a zamanin magajiyar gari Clara Lou Gould, wadda ta riƙe muƙamin daga 1990 zuwa 2007.

Darasi daga tsallaken kogi

Mai son ya gane muhimmancin waɗannan abubuwa, sai ya tsaya a bakin ruwan Beacon ya dubi yamma. Garin Newburgh, mai mutane kimanin 29,000, ya fi Beacon girma da kyawawan tsoffin gine-gine, kuma a can Washington ya kafa hedkwatarsa a 1782 da 1783.

Kogi ɗaya suke sha, gada ɗaya ta haɗa su, amma kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen Newburgh na rayuwa cikin talauci. Shirin sabunta birane ya rushe masa gine-gine fiye da 1,000 a bakin ruwa, kuma tun ƙarshen shekarun 1950 jirgin fasinja ya daina tsayawa a garin. Layin dogon da ke wancan gefe na dakon kaya ne kawai.

Akwai kuma misalin garin North Adams na jihar Massachusetts. A can ma wata masana'antar kayan lantarki ta kamfanin Sprague, wadda ta taɓa ɗaukar ma'aikata fiye da 4,000, ta rufe a 1985. A 1999 aka mayar da ita gidan baje kolin fasaha na MASS MoCA, ɗaya daga cikin mafi girma a Amurka.

Gidan ya samu karɓuwa, baƙi na zuwa, amma garin na nesa da manyan birane kuma babu jirgin fasinja da ke isa can. Yawan jama'arsa ya ragu daga kimanin 14,700 a shekarar 2000 zuwa ƙasa da 13,000 a 2020.

Hatta birnin Bilbao na ƙasar Spaniya, wanda ake ɗauka a matsayin uban wannan dabara saboda gidan Guggenheim da aka buɗe a bakin Kogin Nervión a 1997, ba da gidan ya fara ba. Hukumomin yankin Basque sun riga sun kama aikin tsabtace kogin da kawar da tsoffin tashoshin jiragen ruwa, sun kuma buɗe jirgin ƙarƙashin ƙasa a 1995.

Inda aka kwaikwayi ginin aka bar sauran aikin, sakamakon bai yi daɗi ba. A birnin Sheffield na Ingila an kashe fam miliyan 15 a kan wata cibiyar kiɗan zamani da aka buɗe a 1999, aka kuma rufe ta a shekara ta gaba saboda rashin masu zuwa.

Bisa ga dukkan alamu, ke nan, gidan zane ashana ne kawai. Sai ya tarar da itacen da aka riga aka tara kafin wuta ta kama.

Tsadar haya

Daga gidan Dia, baƙo kan haura tudu zuwa babban titin garin, wanda tsawonsa ya kai kilomita ɗaya da rabi. A nan ne sauyin ya fi bayyana. Shagunan da aka toshe a da sun koma wuraren shan gahawa da gidajen abinci da kantunan littattafai da ɗakunan baje zane.

Tsohon ofishin 'yan kwana-kwana ya zama wurin da ake hura gilashi ana ƙera kofuna a gaban masu kallo. Wata tsohuwar masana'anta da ke bakin gangaren rafi ta zama otel. A kan titin akwai majami'u, akwai kuma masallacin Ar-Rashid na al'ummar Musulmin garin.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Duk abin da ya jawo baƙon yini guda shi ne ke jawo mai neman gidan zama, kuma mai ɗaukar albashin New York ya fi ɗan gari ƙarfin aljihu nesa ba kusa ba.

Tun a 1964 wata masaniyar zamantakewa a Birtaniya, Ruth Glass, ta bayyana yadda abin ke faruwa a unguwannin London: masu hali su shigo unguwar ma'aikata, su gyara gidaje, farashi ya tashi, daga ƙarshe mazauna na asali su tattara nasu ya nasu. Sau da yawa masu zane ne ke fara zuwa saboda arhar haya, kuma su ma tsadar kan kore su daga baya.

Annobar korona ta 2020 ta ƙara wa wutar fetur. Da ma'aikatan ofisoshi suka samu damar yin aiki daga gida ta intanet, dubbai sun bar New York zuwa garuruwan kwarin Hudson. A 'yan shekarun da suka biyo baya farashin matsakaicin gida a Beacon ya kai kusan rabin dala miliyan ɗaya.

Ayyukan da yawon buɗe ido ya kawo ba su kai waɗanda aka rasa tsoka ba. A shekarar da aka buɗe Dia, wato 2003, aka rufe cibiyar binciken man fetur ta Texaco da ke gefen garin, wadda a lokacin ganiyarta ta ɗauki ma'aikata fiye da 1,000. Albashin mai raba abinci ko mai gadin zauren zane ba zai kama ƙafar na injiniya ba.

Su kansu ma'aikatan gidauniyar Dia sun kaɗa ƙuri'ar shiga ƙungiyar ƙwadago a 2022, kuma batun albashi na cikin manyan koke-kokensu. Bugu da ƙari, da yake gidauniyar ba ta neman riba, doka ta yafe mata harajin kadara, wanda shi ne ginshiƙin kuɗin shigar ƙananan hukumomi da makarantu a Amurka. A nata ɓangaren tana barin mazauna garin su shiga kyauta.

Matakan majalisar gari

Hukumomin Beacon ba su naɗe hannu ba. A 2017 majalisar garin ta dakatar da ba da izinin sabbin manyan gine-gine na wasu watanni, saboda fargabar cewa ruwan sha ba zai wadaci masu shigowa ba. Ta sake ɗaukar irin wannan mataki a 2019.

Ta kuma wajabta wa masu gina rukunin gidaje su ware kashi 10 cikin 100 domin masu matsakaicin ƙarfi. A 2020 ta taƙaita ba da hayar gidaje ga baƙi na 'yan kwanaki ta shafuka irin su Airbnb, ta ce sai a gidan da mai shi ke zaune a ciki.

Mataki mafi jawo ce-ce-ku-ce shi ne dokar 2022, wadda ta hana mai gida korar ɗan haya ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba. Kotu ta yi watsi da ita bisa hujjar cewa wannan hurumin jiha ne ba na gari ba. A 2024 majalisar dokokin jihar New York ta yi tata dokar, ta ba garuruwa zaɓin shiga, Beacon kuma ya shiga.

A ƙarƙashin dokar jihar, ƙarin kuɗin hayar da ya wuce kashi 10 cikin 100 a shekara, ko kashi 5 a kan hauhawar farashi idan wannan ya fi ƙanƙanta, sai mai gida ya kare shi a gaban alƙali idan ɗan haya ya ƙalubalance shi. Sai dai dokar ba ta shafi sabbin gine-gine ba.

Ra'ayoyi sun rabu a kan waɗannan matakai. Masu gidajen haya da magina na ganin cewa ƙarancin gidaje ne tushen tsadar, kuma duk dokar da ta rage gini ƙara ta'azzara matsalar take yi. Masu kare 'yan haya kuma na cewa gidajen da ake ginawa na masu kuɗi ne, kuma kafin arha ta sauko talaka ya riga ya bar gari.

Akwai kuma rukuni na uku, wato tsoffin mazauna da suka mallaki gidajensu tun lokacin da babu mai so. Waɗannan dukiyarsu ta ninka, ko da yake 'ya'yansu ba za su iya sayen gida a unguwar da aka haife su ba.

Abin da baƙo ba ya gani

Masanin nan Richard Florida, wanda littafinsa na 2002 ya yaɗa ra'ayin cewa jawo masu fasaha da ƙwararru shi ne sirrin bunƙasar birane, ya fitar da wani littafin a 2017 inda ya amince cewa irin wannan bunƙasa ta zo da wagegen giɓi tsakanin masu shi da marasa shi.

Wannan giɓi ba ya cikin hanyar da baƙon Asabar ke bi. Ba zai ga gidan yarin Fishkill da ke gefen garin ba, wanda ya daɗe yana cikin manyan wuraren aiki a yankin. Ba zai san cewa mai wanke kwanukan da ya ci abinci a ciki wataƙila daga tsallaken gada ya zo aiki ba.

Dogaro da baƙi kuma na da nasa haɗarin. Layin dogon da ke kawo su yana dab da ruwa, kuma a watan Yulin 2023 wani mamakon ruwan sama ya yanke shi na kwanaki. Guguwar Sandy ta 2012 ma ta malale bakin kogin.

Duk da haka, zai yi wuya a samu wanda ya san Beacon na 1990 da zai yi fatan a koma can. Titunan sun cika da jama'a, yara na wasa a inda juji yake a da, gine-ginen da suka kusa rushewa sun samu masu kula da su.

Abin da tarihin garin ke nunawa shi ne, farfaɗowar ta samu ne daga aikin shekaru masu yawa da aka yi da kuɗin jama'a da gumin 'yan gari, tun kafin attajirai su kawo kayan fasaharsu. Waɗanda suka zauna a lokacin wahala su ne suka yi gangamin kogi, su ne kuma suka riƙe makarantu da wuraren ibada.

Saboda haka masu lura da al'amura ke ganin cewa yawan fasinjojin da ke sauka a tasha ranar Asabar bai isa ya zama ma'aunin nasara ba. Ma'aunin da ya fi dacewa shi ne adadin waɗancan mazauna na jiya da za su iya ci gaba da biyan haya a garin da suka ceto, kuma wannan shi ne ƙalubalen da ke gaban majalisar Beacon da takwarorinta na kwarin Hudson a shekaru masu zuwa.